Ranar da Babana Ya Yi wa Gansakuka Aski

Shekarun baya, tun shugaban ƙasarmu na farko yana kan mulki, hotonsa na rataye a kowane kanti na Yaoundé, daga Mokolo har Messa, na yi wani karambani da har yau in na tuna sai in yi dariya. Da yawanku kun sha tambayata yadda aka yi 'yar Briqueterie ta ƙare da koyar da ilimin tsirrai. To yau dai ku gyara zama ku ji.

Ni 'yar wanzami ce. A Briqueterie, unguwar Hausawan Yaoundé da muke kira Brik, aka haifi mahaifina, mahaifinsa kuwa daga ƙasar Kano ya gangaro har Yaoundé, ba shi da komai sai zabirarsa a kafaɗa. Zabira ita ce jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa, asake da hantsaki da ƙahonin tsotsar jini. A cikin ta mahaifina akwai aska ɗaya da ta fi sauran daraja, ta kakana ce, ƙirar maƙeran can gida. Ba ya yi wa manya aski da ita. Sai ranar suna take fitowa, ta hau kan jariri ɗan kwana bakwai, a goge ta a mai da.

Doka ɗaya ce a gidanmu da ba ta da ja: mace ba ta taɓa zabira. Ko mahaifiyata in tana sharar ɗakinsa sai ta kewaye ƙusar da aka rataye ta. Yayyena maza biyu kuwa, babu irin lallashin da bai yi musu ba su karɓi gado, suka ƙi. Ɗaya ya bi motar katako zuwa Douala, ɗaya ya kafa teburin gyaran rediyo a Mokolo. Ni da nake zama a gefen tabarma ina haɗiyar yawu in yana wasa aska, ni ce aka hana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Amma Uwata ko ba Uwata ba, da na miƙa hannu zai ce, "A'a, a'a, koma can."

Da na ci jarrabawar gama sakandare na ce jami'a zan tafi, unguwa ta ɗauka. 'Yan matan Hausawa da suka hau tudun Ngoa-Ekelle karatu a lokacin ba su cika yatsun hannu ba. Mahaifina bai hana ni ba, amma ya kafa sharaɗi. Ya ce, "Uwata, shekara ɗaya na ba ki. In kin wuce, ki ci gaba har inda Allah ya nufa. In ba ki wuce ba, gwaggonki na da keken ɗinki na biyu a Mokolo, yana jiranki." Na ce na yarda, har da murmushi, don ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba tun da nake. Ɗinki kuwa na tsane shi tsana ta gaske. Ko maɓalli na ɗinka, kafin la'asar ya faɗi.

Karatun littafi bai ba ni wahala ba. Inda ƙafata ta zame shi ne aikin hannu a ɗakin gwaji, abin da muke kira tepe. Kuma ba wani babban abu ne ya kayar da ni ba, gansakuka ce.

Mu dai duk gansakuka muke cewa, da mai santsin nan ta bakin rijiya da wadda ke shimfiɗe a jikin bango lokacin damina. Wadda aka ba mu aiki a kanta ita ce mai kara da ganye, wadda ke tsirowa tsaye a jikin jar ƙasa inda aka datse tudu. Tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, kaurinta kuwa bai kai tsinken tsintsiya ba. Malaminmu, wani dogon mutum daga yammacin ƙasar mai tabarau a kan hanci, ya koya mana cewa ba ta da saiwa. Abin da ke gindinta wasu siraran gashi ne da ake kira rizoyid. Daga fatar karan suke tsirowa, farare da farko, in sun tsufa su yi ja-ja, su murɗe da juna kamar lagwanin fitila. Babban aikinsu shi ne riƙo, su kama ƙasa kada ruwan sama ya tafi da tsiron. Cikin karan kuma zobe uku ne: na waje mai ƙananan ƙwayoyi masu kaurin bango, na tsakiya mai manyan ƙwayoyi, sai wata 'yar cibiya can ciki inda ruwa ke bi.

Duk wannan na haddace shi kamar Fatiha. Amma jarrabawar ba ta baki ba ce. Sai ka tsaga totuwar karan rogo, farin abin nan mai laushi da ke cikinsa, ka cusa gansakukar a tsakiya, ka yanko ta a gicciye siriri har haske ya ratsa. Sai ka ɗora a ɗan gilashi ka sa a mikroskop, madubin nan mai ƙara girman abu, ka nuna wa malami zoben nan uku, ka kuma nuna masa inda gashi ɗaya ya fito daga fatar karan. Sannan ka zana abin da ka gani.

A zangon farko na jarrabawa, cikin watan Yuni, na yi yanka goma sha wani abu da rezar kasuwa. Malam ya leƙa madubina, ya ɗago, ya cire tabarau.

"Madmazal, daga Brik kike, ko?"

Na ce, "Wi, Misye."

Ya ce, "Na gani. Yankan soya, tsiren nan na unguwarku, kika kawo mini. Saura yaji da albasa."

Aji ya fashe da dariya, don kowa ya san duk Yaoundé babu inda ya kai unguwarmu gashin nama. Ni ma na yi yaƙe. Amma na faɗi tepe, wanda kuma ya faɗi tepe ba ya wucewa aji biyu ko da ya cinye sauran duka. Dama ɗaya ta rage mini, zango na biyu, bayan hutu. In na sake faɗuwa, sai keken gwaggo.

Duk hutun nan yanka nake yi. Bayan gidanmu akwai gangaren jar ƙasa da ke kallon kwata, gansakuka ta rufe shi, don haka kayan aiki bai yanke mini ba. Reza kuwa na kashe ta fi a ƙirga. Da na kai gindin tsiron, inda gashin yake, sai in ji ƙaras, rezar ta dakushe, karan ya murƙushe. Sai na tuna malam da kansa ba da reza yake yanka ba, wata aska gare shi mai ƙota da ba ya bari kowa ya taɓa, kuma ya taɓa cewa rezar kasuwa lanƙwashewa take, aikin nan na aska ta gaske ne. Na ce a raina, to ai mu ne gidan aska.

Saura sati uku jarrabawa, ranar wata Juma'a, Baba ya tafi masallaci, mahaifiyata tana can tana tankaɗe a tsakar gida. Na shiga ɗakinsa na sauke zabirar. Kuma da yake karambanin nawa ba na wasa ba ne, ban ɗauki ƙaramar aska ba, ta kakana na zaro, don na san ita ce ta fi kaifi. Na ce in za a ci tuwo a ci da miya.

Yankan farko, a saman karan, ya fita kamar an zare gashi daga man shanu. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Sai na gangara gindi. Na ji ƙaras. Na ce ƙila hannuna ne, na sake. Ƙaras. Na sake na uku. Sai na jiyo mutane sun fara dawowa daga masallaci, na goge askar da gefen zanena, na mai da ita, na rataye zabirar yadda na same ta. Ko duba bakinta ban yi ba.

Washegari da sassafe akwai suna a unguwar Ekoudou. Baba ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar ɗaki kamar kullum, ya ɗauko fatar da yake wasa aska a kai. Ina ɗaki ina jin sautin, shu, shu, shu, sautin da na tashi da shi tun ina goye. Sai ya tsaya cak.

Ya kira mahaifiyata. "Wa ya shiga ɗakina jiya?"

Ta ce, "Haba Malam, wa zai shiga? Ina nan tsakar gida wuni guda."

Na san in na yi shiru zargin zai faɗa kan yayana mai rediyo, wanda ya zo cin abinci jiyan. Na fito na durƙusa. Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya kalle ni kamar bai gane Hausar ba. Ya ɗago askar ya bi bakinta da farcen babban yatsansa, a hankali. Sau uku farcen ya tsaya. Giɓi uku, ƙanana, amma ko daga inda nake ina ganinsu da hasken safiya.

"Me kika yanka da ita?"

"Gansakuka."

Mahaifiyata ta saki salati ta dafe kai. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Ya ce, "Ke. Jaririn kwana bakwai zan ɗora wa wannan a ka yau. Da ban duba ba fa?" Ya naɗe ta a ƙyalle ya sa a aljihu, bai mai da ita zabira ba. Ya ɗauki wata askar ya wasa, ya rataya jakarsa ya fita.

Wannan "ke" ɗin ta fi mini mari zafi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta daga bakinsa ba. Kwana uku ina gaishe shi yana amsawa a gajarce, ba Uwata, ba tsokana. Mahaifiyata ta ce in bar shi ya huce, ta kuma ƙara da cewa gara in fara koyon zare allura tun yanzu.

Rana ta huɗu da la'asar ina bayan gida, zaune a kan bulo, ga reza ga totuwar rogo, ina yanka ina share hawaye da bayan hannu. Sai na ga inuwarsa a kaina.

Ya ce, "Ke, miƙo mini abin nan da ya ci mini aska. Shekara arba'in ina aiki, ƙashi bai yi mata giɓi ba. Ina so in ga ciyawar da ta iya."

Ba sulhu ya zo yi ba, mamaki ne ya hana shi zama. Na ciro tsiro ɗaya daga gangaren na ba shi. Ya kai shi kusa da ido, ya murza gindin tsakanin yatsu biyu, ya kai kunne ya sake murzawa.

"Ai dutse kike yankawa. Saiwar tata cike take da tsakuwa."

Nan fa bokon ya motsa. Duk da hawayen da ke fuskata sai da na gyara masa. Na ce ba saiwa ba ce, rizoyid ne. Na zayyana masa duka, yadda suke fitowa daga fatar karan, yadda suke fari sannan su yi ja, yadda suke naɗe ƙwayar yashi su riƙe ta gam har wanki ba ya raba su. Na ce matsalar ke nan, dole in yanka daidai inda suke, kuma inda suke nan ne yashin yake.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Daga fata yake fitowa?"

"E, Baba."

"Ba daga ciki ba?"

"Daga fata."

"To ai gashi ne ke nan."

Na ce, "Kusan haka dai."

Ya ce, "Gashi kuwa in an aske shi, fitowa yake yi. Ki aske tsohon da dattinsa, ki kwantar da ita inda babu ƙasa, sabo ya fito miki fes."

Na ce masa littafinmu bai faɗi haka ba. Wallahi haka na ce, ni mai takardar sakandare, ga mutumin da na lalata wa gadon ubansa kwana huɗu da suka wuce.

Ya ce, "Wanda ya rubuta littafin naku wanzami ne?"

Ya aike ni in ɗebo ruwan sama a ƙwarya, in samo gashin kaza. Ya shiga ɗaki ya fito da hantsaki da 'yar ƙaramar askar da yake tsaga da ita. A nan bayan gida, bakin kwata, babban wanzamin unguwa ya tanƙwashe ƙafa ya zauna. Ya wanke tsiro ashirin ɗaya bayan ɗaya, yana share su da gashin kazar. Sai ya riƙe kowanne da hantsaki, ya kwantar a tafin hannunsa, ya yi bisimilla, ya aske gindin tas, ba tare da ya ƙwarzane karan ba. Abin da kaurinsa bai kai tsinke ba, yana juya shi yana bi da aska kamar kan mutum. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ga abin da ake yi, ta koma. Kafin magariba labari ya kai Messa cewa Malam ya fara yi wa ciyawa aski.

Muka shimfiɗa farin ƙyalle a cikin langar mahaifiyata, muka jiƙa shi, muka jera su a kai, muka rufe da gilashin wata tsohuwar taga, muka ajiye a inuwar zaure inda haske ke shiga amma rana ba ta bugawa. Mahaifiyata ta ce langar kayan aurenta ce, ba ta taɓa zaton za a yi jinyar gansakuka a ciki ba. Baba ya ce a ba su kwana bakwai, kamar jariri.

Kwana biyu bayan haka ya kira ni zaure. Ya warware ƙyalle, sai ga askar kakana. Ya kai ta dutse ya cinye bakin har giɓin suka ɓace. Ta ƙara sirancewa, kuma tsakiyar bakin ya ɗan shiga ciki.

Ya ce, "Cikinta ya tafi. Ba za ta sake kwanciya daidai a kan jariri ba, ni kuwa ba na gwaji da kan ɗan mutane." Sai ya ƙara da cewa, "Zabira ce mace ba ta taɓawa, haka na tarar, haka zan bari. Amma wannan ta fita daga zabira tun ranar Asabar. Ungo."

Na karɓa da hannu biyu.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai mu zauna. Bai taɓa ganin mikroskop ba, bai san me ake nema a cikin karan ba, amma ya san yanka. Ya ce in jiƙa bakin askar. In manne gwiwar hannuna a haƙarƙari. In daina dannawa kamar mai yankan kabewa, in ja askar daga gindinta zuwa tsininta a tafi ɗaya, ina sakin numfashi. In na zuba mata ido sai ya ce, "Daina kallonta, saurare ta. In ta yi magana kin yi kauri. In ta wuce shiru, shi ne." Ya ce kada in tsaya neman yanka ɗaya mai kyau, in yi ashirin a jere in bar su su taru a ruwan da ke bakin askar, sannan in zaɓa. In na yi kauri kuma ba ya raga mini. "Wannan ko mahauci ya ji kunyarsa." Na ce a raina, shi da malaminmu ba su taɓa haɗuwa ba, amma bakinsu ɗaya. Duk wannan zaman da muke yi, har lokacin "ke" ce.

Ranar kwana bakwai muka buɗe langa. Babu komai. Tsirran na nan kore, gindinsu ƙwal kamar yadda aka aske su. Saura kwana goma jarrabawa, aski ya zo gaban goshi. Na ce, "Baba, ai na faɗa maka littafi..." Ya ce, "Rufe. Wani jaririn ma sai ya yi wata kansa na ƙyalli." Na rufe, amma a raina na fara jin ƙarar keken gwaggo.

Rana ta goma sha ɗaya Baba ne ya fara gani. Ya dawo daga sallar azahar ya ɗaga gilashin, sai na ji ya ce, "Zo ki ga furfura." Na zo da gudu. A gindin tsiro goma sha uku daga cikin ashirin ɗin, wani farin gashi lallausa ya tsiro, yana miƙewa yana neman kama zaren ƙyallen. Babu ƙwayar yashi ko ɗaya. Na tsaya ina kallo, bokona duk ya yi sanyi.

Ranar jarrabawa ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. An yarda kowa ya zo da gansakukarsa da abin yankansa. 'Yan ajinmu suka zo da tasu a takarda, da jar ƙasarta. Ni na shigo da langar aure a ka, an ɗaure ta da ɗankwali, ga aska a naɗe a ƙyalle. Wani ya ce ko abincin rana na kawo wa malam. Ban kula shi ba, don yau na san abin da na taka.

Na tsaga totuwa, na cusa tsiro, na jiƙa aska, na manne gwiwar hannu. Na yi bisimilla kamar yadda Baba ke yi. Askar ta wuce shiru. Na yi ashirin, na zaɓi uku, na ɗora a gilashi.

Abin da na gani a madubin nan har yau yana idona. Zoben waje ja-ja, ƙwayoyinsa ƙanana a matse. Na tsakiya manya, farare, kamar saƙar zuma. Can ciki ga 'yar cibiyar nan da na yi wata huɗu ina jin labarinta ban taɓa ganinta da yankan hannuna ba. A gefe ɗaya kuma, ƙwaya guda ta fatar karan ta kumburo ta miƙe ta zama zare, fari tas, da 'yan gaɓoɓinsa a karkace. Na ga daidai inda gashin ya fara.

Na ɗaga hannu. Malam ya zo yana shirin tsokana, na gani a bakinsa. Ya sunkuya. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya murɗa madubin, ya sake murɗawa. Da ya ɗago sai ya dubi langar, ya ɗauki tsiro ɗaya da hantsaki.

"Madmazal, me ya sa rizoyid ɗinki farare ne? Ina ƙasar?"

Na ce, "An yi musu aski, Misye. Waɗannan sababbi ne, kwanansu shida da fitowa."

Aji ya sake fashewa da dariya, amma shi bai yi ba. Ya sa na faɗa masa yadda aka yi tun daga wanki har gilashin taga, yana rubutawa a ɗan littafinsa. Ya karɓi askar ya juya ta, ya gwada bakinta a gashin hannunsa.

"A wane ɗakin gwaji aka koya miki wannan?"

Na ce, "A zauren gidanmu, a Brik. Babana wanzami ne."

Ya miƙo mini askar ta ƙota, da hannu biyu. Sai ya juya ya ce kowa ya ajiye abin da yake yi, a yi layi a zo a ga yadda ake yanka.

Na wuce zuwa aji biyu. Da aka dawo mana da takardunmu na kawo zanen gida. Baba na zaure, na durƙusa na miƙa masa. Ya riƙe shi a juye, na gyara masa. Na nuna masa zoben waje, na tsakiya, da cibiyar, da inda gashin ya fito. Ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan yana cikin ɗan abin nan?"

"Duk yana ciki, Baba."

Ya ce, "Allah mai iko." Ya sa yatsa a kan zaren da na zana. "Ga shi kuwa, daga fata." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Sai ya ɗago ya ce, "Na yi ta neman hannun gidan nan a wurin maza. Ashe ke kika ɗauke shi, Uwata."

Na fita da sauri na ce zan duba tukunya, alhali babu abin da na ɗora.

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa bayan haka. Kowace shekara, ranar farko ta tepe, nakan gaya wa ɗalibaina abu biyu: ku ja, kada ku danna, kuma kada ku raina wanda bai karanta littafinku ba, don ƙila ya daɗe da sanin abin da hannu. Ban taɓa jin kunyar cewa a wurin wanzami na koya ba, alfaharina ke nan. Na kuma daɗe ina ba da labarin nan a matsayin abin dariya, yarinya ta saci aska, uba ya yi wa ciyawa aski, kowa ya ci riba.

Sai bayan rasuwar Baba na san abin da ya biya. Zabirar ta tafi wurin wani ɗan ƙaninsa a arewa, don babu mai karɓa a gidanmu. Muna kwashe kayan ɗakinsa ni da mahaifiyata, sai muka tarar da zanena a cikin akwati, ya yi ja don tsufa, duk ninkin ya tsage. Ta zauna a bakin gado tana kallonsa. Ta ce, "Kin san ranar da ya kai askar nan dutse bai ci abinci ba? Yana gogawa yana kuka, ni kaɗai na gani. Da ita ubansa ya yi masa askin suna. Da ita shi ma ya yi miki naki. Ya so ya yi wa 'ya'yanki da ita."

'Ya'yana huɗu, duk shi ya yi musu askin suna, da wata askar daban. Ina zaune a wurin kowane karo, yana yi yana tsokanata, bai taɓa bari na gane ba.

Askar tana nan a wurina, a cikin ƙyallen da ya ba ni ita. Wani lokaci nakan fito da ita in bi bakinta da farce, a hankali, yadda na ga ya yi. Giɓin babu su, ya share su tas. Amma in farcen ya zo tsakiya, inda bakin ya shiga ciki, har yau sai na tsaya.